Ɗalibin Injiniya da Koyon Aiki da Albashi a Fannin Nukiliya



Maganar da na zo da ita yau ta shafi wani tsari na koyon aiki. Ma'aikatar kimiyya takan zaɓi ɗalibin injiniya tun yana jami'a, ta riƙa biyansa, ya riƙa zuwa aiki a ƙarƙashin ƙwararre a lokacin hutu ko wasu ranaku na zangon karatu, har ya gama digirinsa. Zan duba wannan tsari ta fuskar fasahar nukiliya, da abin da yake nufi ga ɗan manomin Ƙaraye ko Rogo.

Da farko, ina aikin yake? A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya da doka ta 46, ko da yake hukumar ba ta kama aiki sosai ba sai a 2006. A tsakanin nan aka ɗora nauyin bincike da horo a kan cibiyoyi biyu, ɗaya a Ile-Ife, ɗaya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A cibiyar Zariya ne tukunyar nukiliya ta farko a ƙasar nan, wadda ake kira NIRR-1, ta fara aiki a 2004. Ƙirar ƙasar Sin ce, ƙarfinta kimanin kilowat 30, ba a kuwa gina ta don ba da wutar lantarki ba. An gina ta ne don bincike da koyarwa. Rogo kuwa iyaka ɗaya take da jihar Kaduna, wato abin nan a ƙofar gidanmu yake.

Ga yadda ake amfani da ita. Akan ɗebi ɗan samfurin ƙasar gona, ko takin zamani, ko dutsen ma'adini, a sa a wani ɗan kwanso, iska ta tura shi ta cikin bututu zuwa cikin tukunyar. A can ƙwayoyin niyutiron su yi ta bugunsa, ya fito yana fitar da wani haske da ido ba ya gani. Kowane sinadari yana da irin nasa hasken, saboda haka na'ura takan karanta ta faɗi abin da ke cikin samfurin da yawansa. Da wannan hanya ana iya auna ƙasar fadamar da ake noman rake a cikinta, ko laka daga madatsar ruwa ta Challawa da ke ƙasar Ƙaraye.

To, masanin kimiyya shi ke karanta sakamako, amma injiniya shi ke riƙe da tukunyar. Sanda ɗaya ce ta kadmiyam ke sarrafa ƙarfinta, dole injin da ke ɗaga ta da sauke ta ya kasance lafiya lau. Dole ruwan da ke sanyaya ta ya zauna da tsabta, dole na'urorin awo su faɗi gaskiya. Kowane ma'aikaci yana maƙale da ɗan ma'auni a rigarsa mai ƙirga abin da jikinsa ya sha na wannan haske, kowane aiki kuma sai an rubuta shi a littafi. Ba a barin mutum ya tuƙa tukunya sai da lasisi daga hukumar da ke sa ido kan harkar nukiliya, wadda aka yi dokarta a 1995, ta fara aiki a 2001. Irin wannan natsuwa da tsoron kuskure ba a koyonsu daga allo. Yaron maƙeri ma da zuga yake farawa, yana kallon hannun ubangidansa shekara da shekaru. Da aka zo 2018, aka sauya wa tukunyar Zariya makamashi, aka cire yuraniyam mai tacewa fiye da kashi 90 cikin ɗari aka mayar da shi ƙasar Sin, aka sa mai kashi 13. Ranar irin wannan aiki, hannun da ya saba shi ake nema.

Wani zai ce ai muna da shirin SIWES. Gaskiya ne. Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wanda aka kafa a 1971, shi ya ƙirƙiro shirin a 1973, kuma ɗalibin injiniya yakan yi wata 6 a wurin aiki a shekararsa ta huɗu. Shirin ya yi amfani ƙwarai. Amma sau da yawa ɗalibi ne ke yawon neman inda za a karɓe shi, alawus ɗin kuma ya yi shekaru yana naira 2,500 a wata, da wata 6 ta cika kuwa sai a rabu. A ɗaya tsarin ma'aikata ce ke neman ɗalibi, ta biya shi abin da zai riƙe shi, ta haɗa shi da malami guda, ta dube shi a matsayin ma'aikacinta na gobe. Ƙasashe masu tukunyar bincike, irin su Ostareliya mai tukunyar OPAL ta megawat 20 kusa da birnin Sidni, suna ɗaukar ɗaliban jami'a aiki da biya saboda wannan dalili.

Batun biyan nan shi ne zuciyar magana. Ɗan mai hali zai iya zama Zariya wata 6 da guzurin gida. Ɗan manomi kuwa hutunsa lokacin noma ne, in ya bar gona sai an biya ɗan ƙwadago a madadinsa, ga kuɗin ɗaki, ga na abinci. Idan koyon aiki ba shi da albashi, to aljihun uba ne zai zaɓar wa ƙasa injiniyoyinta, alhali basira Allah bai raba ta bisa ga dukiya ba.

Tsarin ma ba baƙo ba ne gare mu. Gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna ta biya wa samari kuɗin karatu bisa alkawarin za su dawo su yi mata aiki, da haka ta sami ma'aikatan da suka riƙe ofisoshinta. A 2017 Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha kan gina tashar lantarki ta nukiliya. Tashar ana iya sayenta da kuɗi, amma renon injiniyan da za a amince masa da ita yana cin shekaru.

Saboda haka, ku ma'aikatan hukumar ba da tallafin karatu da na ƙananan hukumomi, ku duba yiwuwar ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya ko biyu a shekara, bisa yarjejeniya rubutacciya da cibiyar da za ta horar da su. Ku kuma ɗalibai, ku riƙe lissafi da fiziks da kyau tun daga sakandare, ku nemi gurbin SIWES a irin waɗannan cibiyoyi da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.