Tesfaye: Sunan da Ke Nufin "Fatana"

Da yawa daga cikinmu mun san mawaƙin nan The Weeknd, amma kaɗan ne suka san cewa sunansa na yanka Abel Makkonen Tesfaye. An haife shi a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1990, iyayensa kuwa 'yan Habasha ne. Yau za mu duba sunansa na ƙarshe, wato Tesfaye.

A harshen Amharik, wanda gwamnatin tarayyar Habasha ke aiki da shi, "tesfa" na nufin fata ko sa rai. Idan aka liƙa masa "ye" a ƙarshe, sai ya koma "nawa". Ke nan duk uwar da ta ƙwala wa ɗanta kira da Tesfaye, cewa take yi "fatana".

Haka yawancin sunayen Amharik suke, suna faɗin halin da gida ke ciki ranar haihuwa. Kassa na nufin diyya, akan sa wa yaron da ya zo bayan an yi rashi. Shi ne ainihin sunan Sarki Tewodros na Biyu, wanda ya hau mulki a 1855. Abebe kuma na nufin "ya yi fure", sunan Abebe Bikila da ya lashe tseren gudun fanfalaki na Olamfik a birnin Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa.

A al'adar Habasha babu sunan dangi da ake gada. Yaro kan ɗauki sunan mahaifinsa a matsayin na biyu, na kakansa ya zo na uku, kuma mace ba ta canza suna don ta yi aure. Bisa wannan tsari, Makkonen mahaifi ne, Tesfaye kuwa kaka.

Abin bai yi nisa da namu ba. Mu ma muna da Ajuji, wanda ake sa wa ɗan mai wabi, da Tanko, namijin da ya biyo bayan mata, da Azumi, wadda aka haifa a watan Ramadan. Sai dai yanzu wasunmu na jin kunyar irin waɗannan sunaye a makaranta, alhali a cikinsu tarihin gidanmu yake.

Aikinmu na wannan mako: kowa ya tambayi iyayensa ko kakanninsa dalilin sunansa da laƙabinsa, ya rubuta amsar ya adana tun masu ba da labarin suna raye.