Kwamfuta da Sirrin Majinyaci: Yadda Ake Gina Manhajar Asibiti

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa raka mara lafiya daga cikin birnin Zariya zuwa Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ya san ba a ganin likita sai an yanki kati. A wannan kati ake rubuta sunan majinyaci da ciwonsa da sakamakon gwajin jininsa da magungunan da aka ba shi. Yau asibitoci da dama suna mayar da waɗannan bayanai cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake gina manhajar da ke wannan aiki, da dalilin da ya sa ake tsananta tsaronta.

Me Ya Sa Ake Ɗinka wa Asibiti Tasa?

Manhaja ita ce jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta domin ta san abin da za ta yi. Akwai ta kasuwa, wadda kowa ke saye kamar rigar kanti, akwai kuma wadda ake ɗinka wa ma'aikata daidai da awonta. Asibiti a ƙasar Hausa yana buƙatar ta biyun saboda halinsa ya bambanta da na Turai. A unguwa ɗaya ana iya samun masu suna iri ɗaya su goma, kuma dattawa da yawa ba su riƙe ranar haihuwarsu ba. Idan manhaja ta dogara da suna kaɗai, tana iya haɗa bayanan mutum biyu, har a ƙara wa wani jinin da bai dace da nasa ba. Saboda haka dole kowane majinyaci ya sami lambarsa shi kaɗai. Haka kuma dole aiki ya ci gaba ko an ɗauke wuta ko intanet ta yanke.

Wannan tunani ba sabo ba ne a Nijeriya. Tun a shekarar 1989 aka fara gina manhajar MINPHIS a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, tare da haɗin gwiwar Jami'ar Kuopio ta ƙasar Finland.

Ganuwa da Ƙofofi

Magabatan Zazzau sun kewaye birni da ganuwa, suka bar ƙofofi kamar Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana, domin a san mai shiga da mai fita. Tsaron manhaja ma haka yake, kuma yana da matakai huɗu.

Na farko shi ne tantance mai shiga. Kowane ma'aikaci yana da kalmar sirrinsa, kuma abin da ya shafi aikinsa kaɗai zai gani. Mai karɓar kuɗi yana ganin lissafi, amma ba shi da hanyar ganin sakamakon gwaji.

Na biyu shi ne ɓad-da-bami. Ɗalibi na iya gwada wannan a littafinsa: ya ɗauki kalmar MAGANI, ya musanya kowane harafi da wanda ke bin sa a abacadar Turanci, zai sami NBHBOJ. Wanda bai san dabarar ba ba zai fahimta ba. Sai dai wannan mai sauƙin kwancewa ne. Kwamfuta tana amfani da tsari mai ƙarfi irin su AES, wanda aka tabbatar a Amurka a 2001. Yawan makullan da za a iya ƙirƙira a nau'insa mafi ƙarfi adadi ne mai lambobi 78 a jere, don haka gwada su ɗaya bayan ɗaya ya fi ƙarfin kowace na'ura da ake da ita.

Na uku shi ne rajistar sawu. Duk wanda ya buɗe fayil, manhaja tana rubuta sunansa da rana da lokaci. Wannan yana da muhimmanci a gari irin namu, inda ma'aikacin asibiti kan kasance maƙwabcin majinyaci ko surukinsa. Sakamakon gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, idan ya fita unguwa, yana iya kashe aure ko hana mutum sana'a. Mafi muni, masu jin tsoron tonon asiri sukan ƙi zuwa gwaji, ciwo ya ci su a gida.

Na huɗu shi ne ajiye kwafi a wani wuri daban, da sabunta manhaja a kai a kai. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutocin asibitoci da dama a Ingila, aka soke ganawar majinyata da likitoci kimanin 19,000. Abin lura shi ne kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran wannan ɓaraka tun watan Maris, amma ba a sanya shi a kan na'urori da yawa ba.

Abin da Doka Ta Tanada

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye bayanan majinyaci, ta kuma ɗora wa shugaban asibiti nauyin hana marasa izini kaiwa gare su. A watan Yunin 2023 aka sanya hannu kan Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta daban. Idan aka sami ɓarakar da za ta iya cutar da mutane, wajibi ne a sanar da hukumar cikin awa 72. Don haka maginin manhaja yana karanta doka kafin ya rubuta umarni ko ɗaya.

Kammalawa

Ɗalibin da ke sha'awar wannan fanni sai ya dage da lissafi, domin shi ne tushen ɓad-da-bami, ya kuma koyi sauraron likita da ma'aikaciyar jinya kafin ya zauna gaban na'ura. Malamai kuwa suna iya fara koyar da ɗalibai tun yanzu cewa ba a ba aboki aron kalmar sirri. Komai ƙarfin manhaja, idan ma'aikaci ya rubuta kalmar sirrinsa a takarda ya manna jikin kwamfuta, duk wanda ya shigo ofis zai iya karanta sirrin majinyata.