Harbin Rina: Yaushe Za A Garzaya Asibiti, Kuma Wane Kuskure Ke Kashe Kyanwa?

A gidajenmu na birni rina ba ta rasa wurin kafa sheƙa: ƙarƙashin rufin kwano, bayan tankin ruwa, cikin akwatin mita, ko a reshen mangwaron tsakar gida. Galibi ba a lura da ita sai yaro ya shigo da ihu, ko an ga kyanwa na ɗingishi tana lasar ƙafa.

Zanzaro mai gina ɗan ɗakin laka a bango ba kasafai yake harbi ba. Mafaɗaciyar ita ce rinar da ke zama da yawa a sheƙa guda. Ƙudan zuma kan yi harbi sau ɗaya, ya bar ƙarinsa a fata ya mutu. Ita kuwa rina ƙarinta ba ya maƙalewa, don haka tana iya maimaita harbin. Idan kuma aka murƙushe ɗaya kusa da sheƙa, warin da take fitarwa kan tunzura sauran.

Ga yawancin mutane abin bai wuce zafi da kumburi da ƙaiƙayi na kwana ɗaya ko biyu ba. A wanke wurin da ruwa da sabulu, a naɗe ƙanƙara cikin ƙyalle a ɗora na minti 10. In a hannu ne, a cire zobe tun kafin yatsa ya kumbura.

Inda hatsarin yake shi ne ga wanda jikinsa ba ya jituwa da dafin. Harbi ɗaya tak ya isa. Cikin 'yan mintuna leɓe ko harshe ya kumbura, murya ta dishe, numfashi ya yi wuya, borin jini ya feso a duk jiki, jiri ya kama shi. A nan babu batun jira a gani, babu shafe-shafen manja ko toka. Asibiti za a nufa nan take, domin allurar adiranalin ce ke ceton rai. Haka ma wanda aka harba cikin baki ko maƙogwaro, da wanda rina ta yi wa rubdugu, musamman ƙaramin yaro, saboda yawan dafi na iya taɓa ƙoda.

Kyanwa kuwa halinta ne ke ja mata. Duk abin da ya gilma sai ta kai masa cafka, shi ya sa a ƙafa ko fuska aka fi harbinta. Ƙanƙara cikin ƙyalle na taimaka mata ita ma, in ta yarda ta tsaya. Amma idan fuskarta ta kumbura, tana dalalar da miyau, tana amai ko numfashi da baki buɗe, sai likitan dabbobi.

Babban kuskure, kuma tausayi ke jawo shi, shi ne a ɓallo farasitamol a ba ta. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Ibufurofen ma guba ne gare ta.

Wajen cire sheƙa, a bar dabarar fetur da ashana, don tana iya cinye rufin gida. Ƙaramar sheƙa a yi mata feshi da dare ko da asuba lokacin da rinar ta lafa, a rufe jiki ruf, a kawar da yara. Kyanwa ma a kulle ta nesa har wurin ya bushe, domin sinadarin fametirin da ke cikin wasu magungunan feshi yana sa ta karkarwa da farfaɗiya. Babbar sheƙa, ko wadda ke cikin silin, a kira masu aikin feshi.