Hunturun Farko Na Sabon Maharbi A Fadamun Karasuwa

Daga wakilinmu

Duk wanda ya bi hanyar mota daga Nguru zuwa Gashuwa da sassafe cikin watan Disamba, in ya ɗaga kai sama daidai Jajimaji, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Karasuwa, lalle ne zai ga agwagin ruwa sun yi sahu sahu suna nufar fadama. Matafiyi yakan duba ya wuce abinsa. Amma akwai mutanen da wannan sahu shi ne gonarsu ta rani, watau maharban tsuntsayen ruwa. A cikinsu ne wakilinmu ya sami wani saurayi ɗan shekara 22, wanda za mu sakaya sunansa, da ya shiga sana'ar a hunturun da ya wuce. Labarinsa ya isa a ji, domin ya nuna yadda wannan sana'a take da kuma halin da ta shiga.

Inda ruwa yake kwana

Kafin mu shiga labarin, ya kamata masu karatu su san wurin. Kogin Haɗeja da Kogin Jama'are suna gangarowa ne daga ƙasar Kano da tsaunukan Jos, in sun iso wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tuddan yashi sai su rarrabu, su malale cikin fadamu da tafkuna, sa'an nan su sake haɗuwa su zama Kogin Yobe, wanda ya ratsa ta Gashuwa ya nufi Tafkin Chadi. Ruwan yakan kai iyakar cikarsa wajen watan Agusta da Satumba, daga nan ya riƙa janyewa a hankali. Manga da Bade da Hausawa da Fulani duk a kansa suka dogara, wasu da noman shinkafa, wasu da su, wasu da kiwo.

Tsuntsayen da ake harbi kashi biyu ne. Akwai 'yan gida, irin su kirinjijiya mai farar fuska da fito, da dinya wadda ta fi su girma. Akwai kuma baƙi, waɗanda suke ƙyanƙyasa a ƙasashen Turai da Rasha, in sanyi ya matsa musu su ƙetare Bahar Rum da Hamadar Sahara su sauka nan wajen watan Oktoba, su koma wajen watan Maris. Daga cikinsu akwai wata ƙaramar agwagwa wadda namijinta ke da farin zane a gira, da wata mai dogon wuya da bindi mai tsini.

Goro gaban Sarkin Baka

Saurayin namu manomi ne ɗan manomi. Ya shaida wa wakilinmu cewa geron da ya samu a daminar bara bai isa ya kai gidansu rani ba, ga mahaifiya ga ƙanne. Shi ya sa ya je wurin kawunsa, wanda ya tsufa cikin harbi, ya roƙe shi ya koya masa. Kawun bai amsa nan take ba. Sai da ya kai shi gaban Sarkin Bakan yankinsu da ƙwaryar goro, yaron ya durƙusa ya ce ranka ya daɗe, aka yi addu'a, aka kuma gaya masa sharuɗɗan ƙungiya a gaban dattawa.

Sharuɗɗan kuwa su ne: ba zai fita shi kaɗai ba a wannan shekara, ba a harbi ta wajen da masunta ko makiyaya suke, ba a taɓa gauraka da shamuwa da balbela, ba a sa guba ko a kafa taru, in damina ta faɗi, lokacin da tsuntsayen gida ke ƙwai, sai a rataye bindiga. Sharaɗi na ƙarshe shi ne kada ƙafarsa ta taka Dagona da makami.

Abin sha'awa shi ne, ko a Ingila, inda ake da ƙungiyoyin maharban agwagi a bakin teku, yawancinsu ba sa barin sabon shiga ya fita sai tare da wani tsohon hannu. Can ma doka ta yanka lokacin harbi a bakin teku, daga 1 ga Satumba zuwa 20 ga Fabrairu. Ashe hankali ɗaya ne, ko da yake su nishaɗi ya kai su, namu kuwa neman abinci.

Wata guda ba harbi

Yaron ya ce ya zaci da an karɓe shi za a miƙa masa bindiga. Ina! Wata guda cur ya yi yana ɗaukar jaka da goran ruwa, yana tura kwale-kwale. Sukan tashi tun kafin kiran assalatu, su shiga ruwa mai sanyin ƙanƙara har ƙugu, su laɓe cikin ciyawa suna jiran ketowar alfijir. Nan ya koyi cewa iska ake fara dubawa, domin agwagwa tana fuskantar iska ne in za ta sauka ko za ta tashi. Ya koyi rarrabe tsuntsu da kukansa tun ido bai gan shi ba. Ya koyi ɗura bindigar toka, da auna albarushi, domin wanda ya cika mata ciki tana iya fashewa a hannunsa.

Aikinsa mafi nauyi a lokacin shi ne gudu cikin taɓo. Da zarar Baba, kamar yadda yake kiran kawunsa, ya harba, shi ne zai ruga da wuƙa ya yanka abin da ya faɗo da sauran rai, ya ambaci sunan Allah. Tsohon yakan ce masa barin tsuntsu da rauni ya tafi ya mutu cikin ciyawa hasara ce, kuma alhaki ne. Ranar da aka ba shi bindiga kuwa, hannunsa ya yi ta rawa, ya ja kunama tun garken bai iso ba. Tsuntsaye suka watse, mutum biyar suka koma gida hannu rabbana, aka yi mako ana yi masa ba'a.

Ruwa ya ragu, kacalla ta yi yawa

Dattawan ƙungiyar sun gaya wa wakilinmu cewa fadamar yau ba ita ce ta ƙuruciyarsu ba, kuma tarihi ya gaskata su. An gama Madatsar Ruwa ta Tiga a 1974, aka gama ta Challawa a 1992, dukansu a Jihar Kano. Sun amfani manoman rani da mutanen birni, amma sun canja tafiyar kogin. Masana sun kiyasta cewa a da ambaliya takan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000, amma bayan madatsun da farin shekarun 1980 sau da yawa ba ta kai rabin haka. Har wa yau, sakin ruwa da rani ya sa wasu wurare ba sa bushewa sam, sai ciyawar kacalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Agwagwa kuwa buɗaɗɗen ruwa marar zurfi take so. Inda kacalla ta rufe, sai ta ƙaura.

Daren Dagona

A nan ne jarrabawar yaron ta zo. Cikin watan Janairu tafkunan da suka saba zuwa suka ja baya, aka yi kwana goma ba su samu abin kirki ba. Tafkin Dagona kuwa, da ke ƙasar Bade, yana riƙe ruwa, tsuntsaye sun taru a cikinsa. To, amma Dagona hurumi ne. Yana cikin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi wanda aka kafa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Yobe, kuma doka ta hana farauta a cikinsa. Sunan wurin ya kai nesa, har Yarima Philip, mijin marigayiya Sarauniyar Ingila, ya ziyarce shi a 1989. An sa Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin fadamu masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, Dagona kuma ya bi baya a 2008.

Wasu samari biyu da ba 'yan ƙungiya ba suka zuga shi, suka ce dare ɗaya ya isa ya sayi buhun gero. Ya ɗauki bindigar kawunsa ba da saninsa ba, suka hau babur. Ya ce da suka kusa, ya ji kukan tsuntsayen kamar kasuwa ta ci, sai gabansa ya faɗi, ya tuna alkawarin da ya yi gaban dattawa, ya ce shi ya fasa. Suka sauke shi suka wuce, ya kwana yana tafiya a ƙasa.

Bai harba ko sau ɗaya ba, amma hakan bai cece shi ba. Sarkin Baka ya tara jama'a, aka yanke masa mako uku ba fita, a tsakiyar lokacin da kowace safiya take da daraja. Dalilin da dattawa suka bayar shi ne, in aka kama ɗan ƙungiya ɗaya a hurumi, duk maharban yankin ne za su rasa mutunci wurin hukuma, a ƙwace musu bindigogi. Kawunsa ya ƙara masa da cewa wurin da ba a harbi shi ne rumbun maharbi, domin tsuntsun da ya sami inda zai huta shi ne zai dawo baɗi.

Zobe a ƙafa

Da ya dawo cikin watan Fabrairu, Allah ya ba shi sa'a ya kayar da agwagwarsa ta farko, irin mai farin zane a gira. Da ya ɗaga ta sai ya ga ɗan zoben ƙarfe a ƙafarta da lambobi da rubutun boko. Ya tsorata, ya zaci wani asiri ne. Baba ya yi dariya, ya bayyana masa cewa masana ne a ƙasashen da take fitowa suke sa wa tsuntsaye irin wannan zobe don su san inda suke zuwa, kuma abin da ya dace shi ne a kai wa ma'aikatan gandun daji. Yaron ya ce ya daɗe yana juya ta a hannunsa, yana mamakin yadda abin da bai cika tafin hannu biyu ba ya ƙetare Sahara.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata shi da 'yan'uwansa su kula da su. Na farko, murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a Nijeriya a 2006: tsuntsun da aka tsinta matacce ko yana layi, kada a taɓa shi, balle a ci. Na biyu, harsashin darma da ke zuba cikin taɓo, wanda agwagi ke haɗiya tare da tsakuwa ya zame musu guba. Saboda haka ne Ingila ta hana harbin agwagi da shi tun 1999.

Da watan Maris ya kama, baƙi suka tashi, fadama ta yi shiru. Yaron ya yi lissafi, ya ga abin da ya samu, bayan kuɗin albarushi da rabon ƙungiya, bai wuce cefanen 'yan makonni ba. Duk da haka ya ce in Allah ya kai mu kaka zai koma, kuma Sarkin Baka ya yarda ya riƙe bindiga tun daga ranar farko. Ko zai tarar da ruwa da tsuntsaye, wannan ya rataya ne a wuyan masu sakin ruwan madatsu, da hukumomin da ya kamata su yashe hanyoyin ruwa su rage kacalla, da kuma maharban kansu. Allah ya ba su ikon riƙe amana.