Zagaye a Dajin Fain: Yadda Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa Ke Raba Wa Itatuwa Mazauni

A kudancin jihar New Jersey ta Amurka akwai wani makeken daji mai rairayi, wanda majalisar dokokin ƙasar ta keɓe a 1978 domin kare shi. Faɗinsa ya kai eka miliyan 1.1. A cikinsa, kusa da tsohon ƙauyen Batsto, an fitar da hanyoyin ƙafa masu zagayowa su dawo da mutum inda ya tashi. Mafi tsawonsu ba ta wuce kimanin kilomita 6 ba, kuma babu hawa babu gangara mai wahala. Amma ɗalibin da ya bi ta da idon basira zai ga daji iri biyu suna maƙwabtaka, kowanne da halinsa.

Da farko hanyar takan bi ta kan jigawa. Ƙasar farin rairayi ce mai tsami, ba ta riƙe ruwa, ba ta da taki, har Turawan da suka fara zama a yankin suka ɗauke ta bakarariya domin amfanin gonarsu ya ƙi yi. Itacen da ya mallake wurin shi ne fain, irin wanda masana ke kira Pinus rigida. Ganyensa kamar allurai yake, uku-uku a ɗaure. Wannan itace abokin gobara ne. Ɓawonsa mai kauri yakan kare cikinsa, kuma in wuta ta cinye rassa sai sabon toho ya ɓullo daga jikin kututture. Wasu ma 'ya'yansu a kulle suke cikin ƙwanso da ƙaro ya liƙe, ba sa buɗewa sai zafin wuta ya narkar da ƙaron, iri ya zube a kan toka. Da za a hana gobara baki ɗaya, da sannu itatuwan oak za su yi masa inuwa su ƙwace filin. Shi ya sa ma'aikatan gandun daji kan sa wuta da gangan a ƙarshen hunturu.

Sai kuma ƙasa ta ɗan sunkuya, abin da bai fi mita ɗaya ko biyu ba, mai tafiya ya tsinci kansa cikin duhuwa da sanyi. Nan ce fadamar sida, wato Chamaecyparis thyoides, itace miƙaƙƙe kamar sanda, wanda kan tsaya a cunkushe har hasken rana ya kasa kaiwa ƙasa. Mene ne ya sauya, alhali rairayin ɗaya ne, ruwan saman ma ɗaya? Amsar tana ƙarƙashin ƙafa. Rairayin yana zaune ne a kan wata taskar ruwa mai suna Kirkwood-Cohansey, wadda aka ƙiyasta tana ɗauke da galan tiriliyan 17. Inda ƙasa ta yi tudu, ruwan na can ƙasa, fain ya samu wuri. Inda ta yi kwari, ruwan ya taɓo sarari, sida ya kafu. Manomin da ya san bambancin tudu da fadama ba ya bukatar dogon bayani a nan.

Ruwan fadamar ja ne kamar shayi, har baƙo ya zaci gurɓatacce ne. Launin ya samo asali daga ƙarfen da ke cikin ƙasa da kuma sinadarin tanin da ke tsatsafowa daga ganyaye da saiwoyi, dangin wanda majema ke samu daga bagaruwa. Tsamin ruwan da ƙarancin iska sukan hana matattun tsirrai ruɓewa sosai, sai su taru su zama baƙar shimfiɗa mai taushi, gansakuka ta lulluɓe ta. Da yake taki ya yi ƙaranci, wasu tsirrai sun koma farauta: akwai mai ganye kamar tulu, ƙwaro ya faɗa ciki ya narke. Shi kuwa ƙarfen yakan daskare a bakin rafuka ya zama tama, kuma ita ce ta sa aka kafa maƙerar Batsto a 1766, wadda ta ƙera wa sojojin Amurka harsasan igwa a yaƙin neman 'yancin kai. Ruwan kansa ya taɓa jan hankalin attajiri Joseph Wharton, wanda ya sayi Batsto a 1876 da niyyar sayar wa birnin Philadelphia ruwa, sai dokar jiha ta hana fitar da shi.

Sida ne ke cikin hatsari. Katakonsa ba ya saurin ruɓewa, don haka aka yi ta sararsa ƙarni bayan ƙarni ana rufin gidaje da sassaƙa jiragen ruwa. A da fadamunsa a jihar sun haura eka 100,000, yanzu ko rabi ba su kai ba. Bareyi na cinye ƙananan da suka tsiro. Sannan ba ya jure gishiri ko kaɗan, ga teku na ƙara tasowa, kuma guguwar Sandy ta 2012 ta tura ruwan gishiri cikin fadamun gaɓa, inda har yanzu ake ganin busassun itatuwa tsaitsaye, furu-furu. A 2021 hukumar muhalli ta jihar ta sanar da shirin farfaɗo da eka 10,000 na sida cikin shekara 10, a wuraren da ruwan teku ba zai kai ba.