Tarayyar Kwamfutoci A Kan Faifai Guda

Bankuna da kamfanonin waya ba sa damƙa rumbun bayanansu ga kwamfuta ɗaya, domin ranar da ta tsaya harka ta tsaya ke nan. Sukan haɗa manyan kwamfutocin da ake kira sabar su zama gungu, sannan a wasu tsare-tsaren a tanadar musu ma'ajiya guda wadda kowacce ke kaiwa gare ta ta waya, ko dai ta Fibre Channel, ko ta iSCSI wadda aka fitar da ƙa'idarta a 2004 kuma take bin irin hanyar da intanet ke bi.

Irin wannan ma'ajiya ba ta san fayil ba; abin da take miƙawa shi ne ƙananan gurabu masu lamba, kowanne mai girman bayit 512 ko 4096, kuma kwamfutar da ta karɓa ce ke tsara abin da zai zauna a cikinsu. Tsarin fayil na yau da kullum, irin su ext4 da XFS a Linux, an gina su ne bisa zaton cewa faifan na kwamfuta ɗaya ne, don haka kowacce tana riƙe lissafin gurabun da ba komai a ƙwaƙwalwarta. Idan biyu suka hau faifai guda, sai su zama kamar 'yan kasuwa biyu masu rubutu a littafin bashi ɗaya ba tare da wani ya duba abin da ɗan'uwansa ya rubuta ba, kuma abin takaicin shi ne ɓarnar kan daɗe ba a gano ta ba.

Saboda haka aka samar da tsare-tsaren fayil na gungu, kamar OCFS2 na kamfanin Oracle da GFS2 na Red Hat, waɗanda suka shiga cikin Linux a 2006, inda dole sabar ta nemi izini daga manhajar da ke raba makullai kafin ta taɓa wani gurbi. Rumbun bayanai na Oracle RAC, wanda ya fito a 2001, shi ma a kan tarayyar faifai ya dogara. Lokaci mafi haɗari shi ne sa'ad da sadarwa ta yanke tsakanin kwamfutocin alhali kowacce tana iya kaiwa ga faifan, domin kowane ɓangare zai ɗauka ɗayan ya mutu. Maganin da masana suka yarda da shi, duk da tsaurinsa, shi ne a katange wadda ake shakka a kanta daga faifan ko a yanke mata wuta nan take.

A 2020 kamfanin Amazon ya ba masu hayar sabar a wurinsa damar jona faifai guda ga sabar har 16, amma daidaita rubutu ya rage a wuyan mai haya. Sannan ma'ajiyar kanta idan ta lalace gungun duka ya durƙushe, abin da ya sa masu amfani da rumbun bayanai na PostgreSQL suka fi karkata ga ba kowace sabar faifanta, ana kwafa mata canje-canje kai tsaye, tsarin da ya zo da siga ta 9.0 a 2010.