Taliya da fitila ɗaya: zagayowar ranar aure a Ribah

Hoton ya fito ne a WhatsApp ɗin wata ƙawata da ke aure a Abuja. Teburi da farin ƙyalle, kyandir biyu, ƙaton faranti da 'yar taliya a tsakiyarsa kamar an zuba wa ɗan yaye. A ƙasa ta rubuta cewa yau shekararsu takwas da aure, maigidan ya kai ta gidan abincin Italiya. Ina cikin kallo maƙwabciyata ta leƙo wayar. Ta daɗe ba ta ɗauke ido ba, sannan ta ce, "Yaya, mu dai rakiya muka zo yi duniya." Ta yi dariya, amma dariyar iyakarta leɓe. Shekararta 14 a ɗakin miji, 'ya'ya biyar, kuma ta rantse mini ba ta taɓa zama ita da maigidanta su biyu sun ci abinci daga bisimilla har wanke hannu ba.

A nan Ribah, hedikwatar ƙaramar hukumar Danko/Wasagu a masarautar Zuru, babu gidan abincin Italiya. Muna da mai shayi, muna da mai tsire, muna da masu tuwo da shinkafa a bakin tasha. Mai son irin teburin da ke cikin hoton nan sai ya hau mota zuwa Zuru, ya bi Rijau da Kontagora da Tegina da Minna da Suleja kafin ya ga Abuja, tafiyar da ke cinye wuni guda. Amma wayar da ke hannunmu ba ruwanta da nisa. Tana kawo mana kyandir ɗin wasu har cikin ɗaki, mu kwana muna auna mazajenmu da shi.

Ni na taɓa zama a irin wannan teburi sau ɗaya, don haka bari in gaya miki abin da ke ciki.

Shekararmu goma da aure a lokacin. An tura maigidana bita Abuja, ni kuma na bi shi don in duba yayata da ta haihu. A daren ƙarshe ya ce in shirya. Wani abokin aikinsa ne ya kwatanta masa wurin. Muna shiga na ga duhu-duhu, har na ɗauka wuta aka ɗauke, ashe haka suke so. Aka miƙo mana takardar abinci, na duba sama na duba ƙasa, ban ga abin da na sani ba sai kalmar pizza.

Su Italiyawa ba sa tara abinci a faranti ɗaya. Da farko akwai ɗan abin taɓawa da suke kira antipasto, kamar gasasshen burodi da yankakken tumatir a kai. Sai primo, wato taliya ko shinkafa. Sai secondo, nama ko kifi. A ƙarshe kayan zaƙi. Ba dole ba ne ki ci duka, kuma da wani ya gaya mana haka da aljihun maigidana bai ji jiki ba.

Ga abin da ya fi muhimmanci ga duk Musulmar da za ta shiga irin wurin nan. Na nuna wani abinci da yatsa saboda sunansa ya yi mini daɗi a baki, carbonara. Allah ya taimake ni mai kawo abincin ya dubi hijabina ya sunkuyo ya ce da naman alade suke yin nasu. Haka asalin girkin yake a birnin Rum: ƙwai, cuku, barkonon masoro da kitsen kumatun alade. Idan kika ga prosciutto, pancetta, guanciale ko salami a takarda, a girkin Italiya duk alade ne, sai fa in gidan ya tabbatar miki da naman sa ko na talotalo ya musanya. Miyar niƙaƙƙen nama da ake kira bolognese a bisa al'ada ana zuba mata giyar inabi, haka ma shinkafarsu mai laushi, risotto. Har kayan zaƙin nan tiramisu wasu na sa masa giya. Ki yi tambaya kafin a kawo, ba ƙauyanci ba ne. Ni dai na ƙare da taliya da miyar tumatir, shi kuma ya ci gasasshen kifi.

Abincin ya yi daɗi daidai gwargwado. Taliyar ta yi mini kamar ba ta gama nuna ba, don su haka suke cin ta, da ɗan tauri a haƙori. Da aka kawo takardar kuɗi na ga maigidana ya gyara zama. Abin da ya biya a daren nan ya isa cefanen gidanmu na kusan mako biyu.

Amma har yau ban ce an yi asara ba, kuma dalilin ba ya cikin faranti. Awa biyu muka yi a zaune. Ba wanda ya kira "Mama", ban tashi ɗauko ruwa ba, ban leƙa tukunya ba, ba baƙon da ya yi sallama ya janye shi zuwa zaure. Da yake abincin ɗaya bayan ɗaya yake zuwa, tsakanin wannan faranti da wancan ba abin yi sai magana. Da farko mun rasa ta cewa, kamar saurayi da budurwa a zancen farko. Can sai ya ce, "Akwai maganar da na daɗe ina son gaya miki." Ashe bashin taki ya ci a daminar da ta wuce, gonar kuma tana can gefen da ba ya shiguwa saboda 'yan bindiga, amfanin ya lalace a tsaye. Wata bakwai yana ɗauke da abin nan shi kaɗai. Ni kuwa duk tsawon lokacin ina ganin ya rage fara'a, ya rage kuɗin cefane, har zuciyata ta gama yanke hukuncin aure zai ƙara. Ɗaki ɗaya muke kwana, amma sai da muka je Abuja muka biya kuɗi kafin ya sami wurin buɗe baki.

Tun daga nan na gane abin da gidajen nan suke sayarwa. Kujera biyu ce suna fuskantar juna, da lokacin da ba mai katse shi, da mace a zaune ana kawo mata. Taliyar rakiya ce.

Kuma taliyar ma ai ba baƙuwarmu ba ce. Ki faɗi "taliya" ki faɗi "Italiya" ki ji yadda suka yi kama, shi ya sa mutane da yawa ke cewa daga can sunan ya fito. Mun tashi mun ga 'yar murji a shanye a kan igiya, mun ci ta da manja da yaji a ƙofar makaranta, yanzu kuma ga ta leda a kowane shago. Abin da zai ba ki dariya shi ne, ɗaya daga cikin sanannun girke-girken Napoli, garin da mazajenmu suka sani ta dalilin Victor Osimhen da kofin da ƙungiyar ta ci a 2023, shi ne aglio e olio: taliya da man zaitun da tafarnuwa da barkono. Taliya da mai da yaji ke nan, ta talakan Italiya. Tumatir ma da suke tinƙaho da shi baƙo ne a wurinsu, daga nahiyar Amurka aka kai shi Turai a ƙarni na 16. Ganyen da suke yayyaɗawa a kan miyar, basil, ɗan'uwan daddoyar da ke bayan ɗakinki ne. Bambanci na gaske shi ne irin alkamar: dokar Italiya tun 1967 ta ce busasshiyar taliya sai da alkama mai tauri, shi ya sa tasu ba ta saurin caɓewa.

Akwai waɗanda za su ce wannan duk koyi da Turawa ne, iyayenmu ba su san zagayowar ranar aure ba kuma aurensu ya fi namu ƙarko. Ba zan yi musu a kan ƙarko ba. Amma mu a ƙasar Zuru bai kamata a ce ba mu san ƙirga shekaru saboda mace ba. A al'adar Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, akwai golmo: saurayi da abokansa su yi wa iyayen yarinya noma damina bayan damina, har shekara bakwai, kafin a ba shi ita. A bikin Uhola na bayan girbi ake nuna samarin da suka isa shiga wannan hidima. Mutumin da ya yi shekara bakwai yana huɗa a gonar suruki ya san abin da ya samu da tsada yake. Tsofaffinmu sun ƙirga shekarun kafin aure da gumi. Mu da aka sauƙaƙa mana, in mun ware dare ɗaya a shekara muka ƙirga na bayan aure, ban ga abin da muka rushe ba. Wadda kuma zuciyarta ba ta kwanta da ware ranar ɗaurin aure ba, ta zaɓi kowane dare. Kwanan watan ba shi ne abin ba.

Abin da ya fi hana mu shi ne kunya da tsarin gida. Maigida ya ci da ƙannensa ko abokansa a waje, uwargida ta ci a tsaye a madafa, ko ta haɗa hannu da yara ta tashi da rabin ciki. A gidan gandu kuwa, ranar da aka ga kin ja ƙofa ke da miji da kwano, washegari sai kin ji a bakin faccaloli. Ga matan sojoji, waɗanda ƙasar Zuru ke da su da yawa, miji na can bakin daga, ganinsa ma sai an ba shi hutu. Sannan ga dare da ya daina zama namu. Tun kafin abin da ya faru a makarantar 'yan mata ta Maga a Nuwamban 2025, inda aka kwashe ɗalibai 25 a wannan ƙaramar hukuma tamu, mutane sun koyi shiga gida da wuri. Ba mai hankalin da zai ɗauki matarsa a babur bayan isha'i don a je cin abinci wani gari.

In akwai abokiyar zama, ki yi naki a ranar girkinki, kuma ki bar maigida ya yi mata irinsa a nata ranar ba tare da kin kumbura ba. Abin da aka shirya don gyara kada ya zama shi ne ya kunna wuta.

Bara da muka cika shekara 13, a gida muka yi. Tun da la'asar na kai yaran wurin Inna, mahaifiyarsa. Na ce mata za su taya ta kwana. Ta dube ni ta ƙasan ido ta ce, "To, Allah ya yi albarka," ba ta ƙara ko kalma ba. Sharaɗi ɗaya na kafa masa: ranar nan ba zan tsaya a kan murhu ba, domin in ni na dafa ni na zuba ni na kwashe, to bambancinsa da sauran ranaku fitila ce kawai. Ya ce shi tun zaman makarantar kwana rabonsa da tukunya. Na ce zan zauna a kujera in riƙa faɗa.

Ga yadda aka yi, ko za ki gwada. Ruwa mai yawa a babbar tukunya, gishiri ya ji sosai, sai ya tafasa a zuba taliya ba tare da an kakkarya ta ba. A wata tukunyar a soya tafarnuwa ƙwaya huɗu a mai, wuta kaɗan, kada ta yi baƙi don ɗaci take yi. A zuba nunannen tumatir kamar shida da aka yayyanka, da attarugu ɗaya, a bar shi ya dahu har mai ya taso. Ba a sa kayan ƙamshi barkatai, daɗin miyar a tumatir yake. A tsame taliyar tana da sauran ƙarfi, a juye ta cikin miyar da ludayi ɗaya na ruwan dahuwarta, a juya minti biyu, a yayyaga daddoya kaɗan a kai. Namu secondo kuwa tsire ne da ya biya ya sayo tun kafin magariba, muka ɗumama. Kayan zaƙi, kankana da zoɓo mai sanyi.

Tafarnuwar farko ta ƙone, sai da aka sake. Ya ƙona yatsa wajen tace taliya, ya ce ashe haka muke fama. Kyandir ban saka ba, ina tsoron gobara da labule, fitilar sola na rage wa haske na ajiye a gefen tabarma. Wayoyinmu biyu na kifa su a kan gado a ɗaya ɗakin, shi ya sa ba ni da hoton da zan nuna miki.

Mun yi maganar bashin, wanda saura kaɗan a gama biya. Mun yi maganar babbar 'yarmu, ko za ta tafi makarantar kwana ko a bar ta ta jeka-ka-dawo, maganar da muka yi wata uku muna kewaye ta. Ya tuna mini ranar da ya fara zuwa zance gidanmu, kare ya biyo shi har ya yar da hula. Na manta rabon da in yi dariya irin ta daren.

Da safe maƙwabciyata ta shigo aron rariya, ta ga tukunyar da tafarnuwa ta kama a jiƙe a bakin rijiya. Na ba ta labari. Ta ce nata maigidan ko a mafarki ba zai riƙe ludayi ba. Na ce to ya sayo tsire da burodi, ke kuma ki dafa shayi tun da rana ki zuba a fulas, ba sai an kunna murhu ba. Ta yi shiru tana juya rariyar a hannu, sannan ta ce, "Yaran fa, Yaya?" Na ce ta turo mini su biyar ɗin ranar Alhamis, da tabarmarsu.